Gyalen da Ka Sa Mama Saratu Ta Cire

Assalamu alaikum Nuhu ɗana,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya a inda ka ga dama kake kwana. Allah ya tsare ka, ya tsare hanyar da za ka bi ranar Asabar, ya sauke ka Jos lafiya, ya haɗa ka da ubangida mai tsoronsa. Na fara da addu'a ne saboda in na fara da abin da ke raina, ba lalle in tuna da ita ba. Na kira wayarka ba ka ɗauka. Wataƙila hakan ya fi, don da ka ɗauka ihu zan yi, kai kuma ba ka taɓa jin magana cikin ihu ba tun kana ƙarami. Ka san rubutu ba aikina ba ne. Ka yi haƙuri da hannuna ka karanta har ƙarshe.

Safiyar Talata na dawo daga sayo man inji, jarka a hannuna. Na tarar da keken da ya kawo tulunan kiɗa a bakin shagonmu na naɗar sauti, na ji daɗi, na ce matan coci sun iso da wuri. Ni na bar maka aikin nan da gangan, don ya zama na bankwana, ka tafi da abin da za ka nuna. Na shiga. Ga matan zumunta a jere jikin bango kamar masu jiran likita, tulunansu a gefe ba mai taɓa ko ɗaya. Ga Mama Saratu ita kaɗai a ɗan ɗakin naɗar murya mai soso a bango, a tsaye, matar da gwiwa ke hana ta tsayuwa. Ka danna mata hedifon a kan ɗankwali, ka tura makirfo har yana shafar leɓenta. Wuyanta a buɗe. Gyalen da take naɗe wuyan da shi tun da maƙoƙon nan ya fito mata yana kan kujera. Kai kana gaban kwamfuta, abokinka Kabiru yana ɗaukar ta da waya ta gilashi.

Na ji kana cewa, "Mama, ki daina juye-juye! Ki tsaya wuri ɗaya ki kalli makirfo."

Ta ce, "Ɗana, matana nake nema. Ba na jin tulu."

Ka ce, "Tulu daga baya za mu sa. Ki bi ƙwas-ƙwas ɗin da ke kunnenki."

Ta ce, "Wannan agogon? Ni ban taɓa yi wa agogo waƙa ba."

Kabiru ya yi dariya. Ta daure ta ɗauko baiti ɗaya, sai ka sake shi a lasifika kowa ya ji. Ba waƙa ba ce ta fito, fito ne na numfashi da ƙarar leɓe, da wani gurnani kamar ana magana cikin randa. Na ce ka kashe. Ka juyo, a gaban iyayenka mata, ka ce, "Baffa, kai fa ba ka ji sosai. Bar ni in yi aikina, can haka ake yi."

Wannan ban riƙe ta ba, don gaskiya ce, zan ma dawo kanta. Abin da na riƙe shi ne maganar da matar nan ta yi mini a bakin ƙofa, hannunta dafe da wuya. Ta ce, "Malam Isiyaku, ba komai, mun gode. Ashe muryar ta riga ni tafiya."

Nuhu, ka san me ya kawo ta. Ranar Juma'a za a kwantar da ita asibiti a yi mata aikin wuyan, kuma likita ya gaya mata ba ya da tabbacin muryar za ta dawo yadda take. Ta zo ne a naɗa mata waƙoƙinta kafin wuƙa ta taɓa ta, don jikokinta su ji. Ta zo da murya, ka mayar da ita gida tana ganin ba ta da ita. Wallahi muryarta tana nan. Ni da kunnena ɗaya na ji ta da ta yi mini sallama. Makirfonka ne yake inda bai kamata ba. Mama Rifkatu mai babban tulu ta gaya mini kai ka ce a cire gyalen, wai yana gogar makirfo yana ƙara. To wa ya kai makirfon jikin gyalen? Shi ya taka ya je? Ƙarfe ne a kan sanda, ana ja da shi baya da yatsa biyu. Ka zaɓi ka tuɓe wa tsohuwa abin da take rufe ciwonta da shi, ka bar ƙarfe a inda yake. Matar da tun kana riƙe mini wayar lasifika a bikin cocinsu can bayan Shadawanka take cusa maka ƙosai a aljihu!

Ba zan ce maka ni ban taɓa kafa makirfo a inda bai dace ba. Na sha yi, shi ya sa na san kamanninsa. Zan gaya maka wasu, ba don ka ji tausayina ba, don ka tafi da su.

Farkon da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya bar ni ni kaɗai da kaya, bikin mahauta ne a nan Ƙofar Wambai. Suka ce a naɗa musu kiɗan kalangu. Na ɗauka tun da fata ake bugu, a fata sautin yake, sai na manna makirfo daf da ita. Makaɗin ya dube ni ya ce, "Yaro, ɗaure ni za ka yi?" Ban gane ba. Da kiɗa ya yi zafi ya soma matsa tsirkiyar da hammata yana juyawa, gaba, baya, yana bin mai rawa. Sau biyu ya doke makirfon da sandar kiɗa. Da muka saurara, ƙwal-ƙwal ɗin itace kawai muka samu, duk maganar da kalangun ya yi ta kirarin mutane babu ita. Ka riƙe wannan: kalangu ba ya tsayawa, mai shi ma ba ya tsayawa. Ja baya kamu ɗaya, daga gwiwar hannunka zuwa yatsa, ko fiye, ka fuskantar da makirfo tsakanin fatar da jikin gangar, ka bar masa filin juyawa. Sauti yana buƙatar ɗan tafiya cikin iska kafin ya haɗu ya zama shi. Wanda ka kama a bakin fata ɗanye ne.

Na biyu, wani dattijon Bafulatani daga rugar da ke gaba da Zungur, 'ya'yansa da suka zauna cikin gari suka kawo shi in naɗa musu busar sarewarsa. Na zaunar da shi a kujera, na sa masa makirfo a baki, inda yake hurawa. Iska kawai na kama, fuu, fuu. Kuma duk sanda na matso in gyara, sai ya kau da fuska gefe, ya yi ƙasa da kai, busar ta mutu. Na yi ta cewa, "Baba, ka dubi nan." Shi kuma yana cewa, "To, to," bai duba ba. Kunya ce. Mutumin da bai saba a tsaya masa a ka ana kallon bakinsa ba. A ƙarshe ya ajiye sarewar a cinya ya ce, "Ɗana, ita wannan ba ta san ɗaki ba." Mahaifinka ya ji labari ya ce in ɗauki kaya in bi shi rugar. Na je da safe. Ya zauna a gindin bishiyar da ya saba, shanu na gabansa. Na kafa sandar a gefen kafaɗarsa, ta baya kaɗan, makirfon yana leƙen inda yatsunsa ke wasa a kan ramuka, ba inda bakinsa yake ba. Na koma nesa na ba shi baya. Abin da ya fito ranar har yau 'ya'yansa suna sa shi, shi kuma ya rasu. Daga nan na san abu biyu. Kowane abin kiɗa yana da ƙofar da iska ke fita da ƙofar da daɗi ke fita, ba ɗaya ba ne, sai ka nema. Sannan makirfo ake kai wa mutum. Ba a jawo mutum a lanƙwasa shi don ya dace da makirfo. Na gaya maka wannan labari fiye da sau ɗaya kana danna waya.

Akwai kuma ranar da na so in burge wani malami mai karatun maulidi, na kafa masa makirfo biyu, ɗaya kusa ɗaya ɗan nesa, ina ganin biyu ta fi ɗaya. Muryar ta fito siririya kamar daga cikin gwangwani, don sautin yana riga isa ɗaya kafin ɗaya, suna cin juna. Na cire guda, malam ya dawo malam. In guda ɗaya ya isa, ka bar ɗayan a jaka. Yawan sanduna a gaban mutum ba gwaninta ba ce.

Yanzu kunnena, tun da ka kawo maganarsa a gaban mutane. E, na hagu ya mutu. Na dama yana nan amma yana kuka kamar gyare, ƙananan sautuka na sama ba na kama su. Ba ciwo ba ne ya yi mini haka, ni na yi wa kaina. Shekarun da nake bin biki, in ina son in ji ko lasifika ta fashe sai in kanga kunnena a jikinta ana tsakiyar kiɗa. Mahaifinka ya yi faɗa har ya gaji. To ga shi. Ka kiyaye naka. Kada ka ƙure hedifon, kada ka tsaya gaban lasifika don a ce kai jarumi ne, in kunne ya gaji ka fita ka sha iska. Na koya maka ka toshe kunne ɗaya da yatsa ka zagaya mai kiɗa a hankali, kana sunkuyawa kana miƙewa, har ka samu inda sautin ya fi daɗi, nan ne wurin makirfo. Ni yanzu ba na buƙatar yatsa, Allah ya toshe mini. Amma kai kana da biyu lafiyayyu, kuma ranar Talata ko tashi daga kujera ba ka yi ba. Da ido ka yi aikin, kana kallon zane yana hawa yana sauka a kwamfuta.

Kada ka ɗauka ina ƙin abin da ka koya. Ka fi ni hannu a kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma kunnenka ya fi nawa ko lokacin da nawa ke da lafiya. Ɗakin soso da hedifon da ƙwas-ƙwas suna da ranarsu. Yaran da ke zuwa su yi waƙa a kan kiɗan da aka riga aka haɗa, su abin ya dace da su, ka yi musu kuma ya yi kyau, na yaba maka a gabansu. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ka ɗauki hanya ɗaya ka ce kowa sai ya bi ta. Matan nan ba sa bin agogo. Mama Saratu take ja, tulu ya bi numfashinta, in ta ja baiti ya yi tsawo su jira ta, in ta ɗaga gira su amsa. Ka raba ta da su da gilashi, ka toshe mata kunne, sannan kana mamaki tana juye-juye. Kuma kalmar nan taka, "za mu gyara a kwamfuta," ka bar ta a Bauchi kada ka kai ta Jos. Kwamfuta tana share datti, ba ta dawo da abin da makirfo bai ji ba.

Ga abin da nake so, kuma ba shawara ba ce. Gobe Alhamis da safe matan suna da koyon waƙa a cocinsu, shi ne na ƙarshe da za ta halarta kafin asibiti. Na je na roƙi Mama Rifkatu, ta ce ita ba za ta hana ba, amma Mama Saratu ta ce ta gama da maganar naɗi, ba ta son ta sake jin abin da ta ji. Ni ba zan iya juya ta ba, ba ni na yi mata ba. Ko ta yarda ma, ni zan iya kafa sanduna, amma ba zan iya sa hedifon in rantse cewa fiton nan ya fita ba, don irin sautin da kunnena ya daina ji ke nan. In na yi ni kaɗai na kuskure, babu wata Alhamis ɗin. Kai ne za ka yi.

Gyalen yana kan kujerar da aka ajiye shi, ban taɓa ba, ban bari kowa ya taɓa ba. Ka zo ka ɗauka, ka sa a wanke a goge, ka kai mata da hannu biyu. Ka durƙusa. Kada ka yi mata bayanin makirfo, ba ta tambaye ka ba. Ka ce ka yi kuskure, muryarta lafiya lau, kayanka ne ba ka kafa daidai ba, ta ba ka dama ɗaya. In ta ƙi, ka ci gaba da durƙuso. Kafin nan ka karɓi wayar Kabiru ka goge abin da ya ɗauka da hannunka, ka duba ko ya tura wa wani.

In ta yarda, ka saurare ni da kyau. Ka riga su isa. Ka kai inji can bayan katanga da doguwar waya, ka kashe fankoki duka ko za a yi gumi. Cocin rufin kwano ne da daɓen siminti, yana mayar da magana, don haka kada ka kafa a tsakiya. Ka bar su a kusurwar da suka saba zama, ka shimfiɗa tabarmi, ka rataya barguna a kan bencin da ke bayanta. Kada ka jera su. Su zauna yadda suke zama, rabin da'ira, ita a kujerarta tana fuskantar su.

Makirfonta ka kafa shi tsakaninta da su, amma ɗan gefe, don kada ya tare mata fuskokinsu. Ka ɗaga shi daidai goshinta, ka sunkuyar da kansa yana kallon bakinta daga sama, nisan taƙi biyu na hannunka. Haka numfashin da fiton za su wuce ta ƙasa, muryar ta hau ta same shi, gyale kuma ya yi ta motsinsa ba wanda zai ji. Ka tuna makirfon nan yana da fuska yana da ƙeya, ba ya ji ta ƙeya sosai, to ƙeyar ka ba tuluna. Ba hedifon a kanta. Ba ƙwas-ƙwas. Kada hannunka ya kusanci fuskarta. In ta juya, ka bar ta ta juya, nisan da ka bari shi zai riƙe ta.

Tuluna makirfo ɗaya ya ishe su. Kada ka zura shi a bakin babban tulun, iskar da ke fita nan za ta buge shi ka samu bum-bum kawai. Gefen bakin, kamu ɗaya, ƙasa-ƙasa. Mama Ladi mai caki ka roƙe ta ta koma can ƙarshe, caki yana ratsa komai ko daga ina yake. Za ta yi mita, ta ce kullum ita ake kora, ka ce mata don nata ya fi na kowa ƙarfi ne, gaskiya ce kuma za ta ji daɗi. Masu amshi ka ɗaga musu guda ɗaya sama da kawunansu, ya ji su a haɗe, kada ya zaɓi mai babbar murya. Sannan ka bar su su yi waƙa ɗaya ba tare da ka naɗa ba, ka tashi, yatsa a kunne, ka zagaya. In abin da na faɗa bai yi daidai da abin da kunnenka ya ji ba, ka bi kunnenka. Ni daga nan nake hasashe, kai kana wurin.

Da ka gama waƙar farko, kada ka sake ta a lasifika. Ka saurara kai kaɗai tukuna. In ta yi, ka kai mata ta ji. Ina so matar nan ta shiga asibiti ta san da me ta shiga.

Idan ba ka zo ba, ba zan hana ka tafiya ba, ba zan kuma yi maka baki ba. Ni na riƙe ka tun rasuwar yayana, a lokacin ni kaina ban gama zama mutum ba, ba yau zan fara yi maka mugun fata ba. Zan kai kayan ni kaɗai in yi iyakar abin da kunne ɗaya zai iya. Amma makirfon mahaifinka da na ce zan ba ka ka tafi da shi, zai zauna a akwatinsa. Ba zan ba da shi ga wanda ƙarfe ya fi wuyan tsohuwa daraja a wurinsa ba.

Allah ya shirye ka, ya sanyaya maka zuciya, ni ma ya sanyaya tawa. Allah ya ba Mama Saratu lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a. Allah ya kai ka inda za ka lafiya, ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin abokai, ya sa kunnenka ya ci da kai har tsufa.

Kada kuma ka ce zafin raina ne ya ƙara wa labarin gishiri. Ba ni kaɗai na gani ba. Mama Rifkatu ta gani, Mama Ladi ta gani, da sauran matan. Kabiru ya gani ta cikin wayarsa. Ɗanjuma mai keke yana bakin taga, Sale mai shayin da zai miƙa maka takardar nan shi ma yana wurin. Akwai kuma wadda ba ka lura da ita ba don ka ba ƙofa baya. Mahaifiyarka ta zo kawo maka dambun naman da ta yi maka na tafiya, tana tsaye a bayana tun daga maganar agogo. Ita ta bi Mama Saratu waje, ta cire mayafinta ta naɗe mata wuya, ta koma gida da ɗankwali kawai. Daga baya ta tambaye ni ƙarfe nawa ake fara koyon waƙar.

Baffanka,
Isiyaku